Ranar Masu Aikin Sa Kai ta Duniya: wa ake yabo, wa ke ɗauke da nauyin?

A ranar 17 ga Disamban 1985 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 40/212, inda ya nemi gwamnatoci su riƙa ware ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara domin karrama mutanen da ke ba da lokacinsu da ƙarfinsu ga al'umma ba tare da an biya su ba. Tun daga wancan lokaci ake bikin, kuma kusan ko'ina fasalinsa ɗaya ne: a yi jawabai, a raba takardun yabo da riguna masu tambari, a fita sharar kasuwa ko ziyarar gidan marayu, a ɗauki hotuna, yamma ta yi kowa ya kama gabansa. Babu laifi a cikin ko ɗaya daga waɗannan abubuwa. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne ko mutanen da ake kira gaban taro su ne ainihin masu ɗauke da aikin, da kuma ko yabon da ake yi yana rage musu wani nauyi ne ko yana ƙara ɗaure musu shi a ka.

Ranar ta 5 ga Disamba tana da 'yan'uwa da dama a kalandar duniya. Akwai Ranar Sadaka ta Duniya, 5 ga Satumba, wadda Majalisar ta amince da ita a 2012 bisa shawarar ƙasar Hangari, aka kuma zaɓi ranar saboda ita ce ranar rasuwar Mother Teresa a 1997. A Amurka akwai ranar masu taimakon al'umma ta 15 ga Nuwamba, wadda Shugaba Ronald Reagan ya ayyana a 1986. Akwai kuma Giving Tuesday, wadda wata cibiyar al'umma ta birnin New York ta ƙirƙiro a 2012 tare da haɗin gwiwar Gidauniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, domin bayan kwanakin sayayyar ƙarshen Nuwamba mutane su tuna da mabuƙata. A 2024 kaɗai an ƙiyasta cewa Amurkawa sun ba da dala biliyan 3.6 a wannan rana. Sai Ranar Mandela ta 18 ga Yuli, wadda ake neman kowa ya ba da minti 67 na hidima, adadin shekarun da Nelson Mandela ya shafe yana gwagwarmaya. Galibin waɗannan ranaku kuɗi suke nema, kuma kuɗi abu ne mai sauƙin ƙirga, shi ya sa washegari ake iya fitar da alƙaluma a yi murna. Ranar 5 ga Disamba ta bambanta da su domin lokaci da gumi take karramawa, su kuwa ba sa barin rasit.

Idan aka koma asali, tunanin da ya haifi wannan rana ya fi ƙunci fiye da yadda ake fahimtarsa yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma lokacin da ƙasashen Afirka da Asiya ke karɓar 'yancin kai, siffar mai aikin sa kai a idon hukumomin duniya ita ce matashi mai ilimi daga ƙasa mai arziki wanda ya tafi ƙasa matalauciya ya koyar ko ya yi jinya. A kan haka aka kafa ƙungiyar VSO a Birtaniya a 1958 da Peace Corps a Amurka a 1961, kuma makarantun sakandare da dama a Arewacin Najeriya sun ga irin waɗannan malamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin, UNV, a 1970, wanda yau hedikwatarsa ke birnin Bonn na Jamus. Sai da aka kai 2001, shekarar da aka keɓe wa masu aikin sa kai gaba ɗaya, sannan aka fara yarda a hukumance da abin da kowane ɗan ƙauye ya daɗe da sani, wato mafi yawan hidimar da ake yi kyauta a duniya maƙwabta ne ke yi wa junansu, babu ƙungiya, babu rajista, babu mai zuwa daga nesa.

Daga nan aka shiga wahalar ƙidaya. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tare da masana na Jami'ar Johns Hopkins, ta fitar da jagorar auna aikin sa kai, kuma a 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago ya tsayar da ma'anarsa: aikin da mutum ya yi wa wasu waɗanda ba iyalan gidansa ba, ba don albashi ba, ba kuma bisa tilas ba. Da aka auna da wannan ma'auni, rahoton UNV na 2018 ya ƙiyasta cewa in aka tattara duk sa'o'in da ake bayarwa kyauta a duniya za su yi daidai da aikin ma'aikata miliyan 109 masu cikakken lokaci. Abin da ya fi wannan adadi muhimmanci shi ne yadda ya kasu: kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin tsakanin mutum da mutum ake yin sa, kashi 30 ne kawai ke bi ta hannun ƙungiyoyi, kuma mata ne ke yin kashi 57 na jimillar. Ma'anar wannan a fili take. Duk bikin da ya taƙaita ga ƙungiyoyi masu ofis da takardar rajista, to, ƙasa da sulusin aikin ya gani, saura kuwa yana can inda ba a kai katin gayyata.

Ba sai an yi nisa ba kafin a ga wannan kaso mafi girma. Idan aka yi rasuwa a unguwa, kafin dangin nesa su ji labari tuni wasu samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, ko da kuwa damina ce ƙasa ta jiƙe tana ruftawa, ko rani ne ta bushe diga na tsalle a kanta. A cikin gida akwai dattijuwar da kowa ya san ita ake kira wankan gawar mace, akwai tela da zai ajiye ɗinkin mutane ya haɗa likkafani, akwai maƙwabtan da za su yi kwana uku suna aiko da kwanukan abinci domin kada a hura wuta a gidan makoki. A filin Idi da wuraren tafsirin azumi da sansanin alhazai, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala suna tsaye cikin kaki tun asuba, suna gyara sahu, suna tare hanya, suna ɗaukar wanda ya faɗi, kuma sau da yawa da kuɗin aljihunsu suka ɗinka kakin. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, masu kwalekwale da samarin unguwanni na cikin waɗanda suka fara tsamo mutane, gidajen da ruwa bai kai ba kuma suka buɗe ƙofa ga waɗanda ba su taɓa sani ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kira kansa ma'aikacin jin ƙai. In ka tambaye shi zai ce don Allah ya yi, ko ya ce ai yi wa kai ne.

Wani ma'aunin da ake yawan ambata shi ne na gidauniyar CAF ta Birtaniya, wadda ta shafe shekaru tana yi wa mutanen ƙasashe tambayoyi uku: a watan da ya wuce, ka taimaki wanda ba ka sani ba, ka ba da kuɗi sadaka, ka ba da lokacinka ga wata ƙungiya? Sakamakon ya saba ba masu zaton kyauta sai mai arziki mamaki. Miyanma ta riƙe matsayi na farko shekaru a jere, daga baya Indonesiya ta karɓe, a rahoton 2021 kuma Kenya ce ta biyu, Najeriya ta uku. A 2025, da gidauniyar ta sauya salo ta auna kason da mutum ke bayarwa daga abin da yake samu, Najeriya ce ta zo ta ɗaya da kashi 2.83 cikin 100. Wannan abin alfahari ne, amma ya kamata a karanta shi da idon basira. Na farko, abin da mutane suka faɗa da bakinsu aka rubuta. Na biyu, kuma wannan ne ya fi damuna, yawan taimakon juna a wurinmu yana da fuska biyu. Fuska ɗaya tarbiyya ce da addini, waɗanda suka sa bayarwa ta zama ɗabi'a. Ɗaya fuskar kuwa rashin madogara ce: inda babu inshorar lafiya mai aiki, babu fanshon da ake dogara da shi, babu motar ɗaukar mara lafiya, dole jama'a su zama inshorar junansu, a zagaya da takardar neman gudummawar kuɗin tiyata daga masallaci zuwa masallaci, ko a watsa ta a WhatsApp. Mutumin Sweden da bai ba da kuɗin aikin maƙwabcinsa ba bai fi mu rowa ba. Harajinsa ne ya riga ya biya.

Akwai wata tambaya da mai karatu Musulmi, da ma Kirista, zai yi tun kafin a zo nan: shin ya dace a yi wa aikin alheri biki da lambar yabo? An tarbiyyantar da mu a kan cewa riya tana cinye lada, kuma cikin mutum bakwai da hadisi ya ce za su sami inuwa ranar da babu wata inuwa har da wanda ya yi sadaka ya ɓoye ta har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. A Linjila ma akwai umarni mai kama da wannan. Sai dai Alƙur'ani bai rufe ƙofar bayyanawa ba. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta a kai wa matalauta kuma ya fi alheri, malamai kuma sun yi bayanin cewa bayyanawa tana da fa'ida idan za ta sa wasu su yi koyi. A ganina warwarar wannan ƙulli tana cikin rarrabe wanda hukuncin ya hau kansa. Ɓoyewa tarbiyya ce ga mai bayarwa, godiya kuwa wajibi ce a kan wanda ya amfana, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Saboda haka rana irin wannan tana da hujja matuƙar al'umma ce ke nemo mai hidima ta gode masa, kuma tana rasa hujjarta a duk lokacin da mai bayarwa ne ya shirya wa kansa taron, ya kira 'yan jarida, ya jera mabuƙata a bayansa.

Wannan rarrabewa ba ta tsaya ga lada da zunubi ba, domin kyautar da aka yi don idon jama'a tana iya cin rai. A cikin mako guda na Disamban 2024 yara 35 sun mutu a turmutsitsin wani taron rabon kyauta a Ibadan, mutum 22 a wurin rabon shinkafa a Okija ta jihar Anambra, wasu 10 kuma a Abuja. Ba na zargin niyyar waɗanda suka shirya, kuma yunwar da ta fito da dubban mutane tun dare ba su suka haddasa ta ba. Amma tsarin da ke shelanta rabo a rediyo ya tara jama'a wuri guda a bayan ƙofa ɗaya tsari ne da ya fi dacewa da ɗaukar hoto fiye da isar da taimako. Mai unguwa da limami da shugabar matan unguwa sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma za su iya kai buhu da dare ba tare da an tozarta kowa ba. Aya ta 264 ta surar da na ambata ta yi hani ga ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni kuwa ban ga gorin da ya wuce a saka wa bazawara kyamara a fuska tana karɓar mudun gero, a watsa wa duniya, 'ya'yanta su gani a wayar abokansu ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya, ita ce iyakar da ke tsakanin sa kai da sa wa mutum. Gwamnatoci sun daɗe da gane cewa aikin gayya dukiya ce, suna kuma son su mallake ta. A Ruwanda, Umuganda aiki ne na Asabar ɗin ƙarshen wata wanda doka ta wajabta wa masu shekara 18 zuwa 65, kuma akwai tara ga wanda ya ƙi fita. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya ta sa su gina azuzuwa da dasa itatuwa, amma ta kuma mayar da su wani reshe na mulki. A Najeriya muna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga saboda ita, da hidimar ƙasa da aka kafa a 1973. Duk waɗannan sun yi amfani gwargwado, sai dai bisa ma'anar da aka tsayar a 2013 abin da aka yi don tsoron tara ba ya shiga lissafin sa kai. Gayya ta asali tana tafiya ne da sharaɗin da kowa ya sani ko da ba a furta ba: yau an taru a gonarka, ka ciyar da mutane fura da tuwo, gobe kai ma ka ɗauki fartanya ka je ta wani. Idan hukuma ta karɓi gumin ta bar ramuwar, abin da ya rage sunansa aikin banza ga wanda ya yi shi, ko da an kira shi da suna mai daɗi.

A fannin lafiya ne wannan ya fi fitowa fili. Duk wanda ya san ƙananan asibitocin karkara da na unguwanni a Arewa ya san matasan da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suka kama aiki a matsayin masu sa kai, suna karɓar haihuwa, suna yin allura, suna kwana a bakin aiki, shekara da shekaru, da fatan wata rana za a ɗauke su. Haka abin yake a makarantun firamare da dama. Wannan rashin aikin yi ne aka yi wa rawani, domin wanda ya zauna saboda ba shi da wata mafita ba za a ce ya zaɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fahimci haka, shi ya sa a jagorar da ta fitar a 2018 ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma gwargwadon aikinsu da horonsu da sa'o'in da suke bayarwa. Yaƙi da cutar shan inna ma darasi ne. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020, kuma wannan nasara ta tsaya ne a kan ƙafafun dubban mata da suka bi gida gida a kan ɗan alawus, suna shan zagi a wasu ƙofofin, suna komawa washegari. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano. Duk takardar yabon da za a ba irin waɗannan mata, in ba ta zo da amsar tambayar wa zai riƙe 'ya'yansu idan ba su dawo ba, ba ta kai ga haƙƙinsu ba.

Kada a fahimci cewa ina kiran a mayar da kowace hidima aikin albashi. Akwai abin da kuɗi ke ɓatawa idan ya shiga. Unguwannin da suka saba yashe magudanar ruwa da kansu kafin damina, da zarar wata ƙungiya ta zo ta raba kuɗin zama sau biyu ko uku, sai a wayi gari ba mai fitowa sai ya ji nawa za a bayar. Iyakar da nake gani ita ce: abin da mutum ya yi a lokacin da ya rage masa, ga jama'arsa, kuma yana da ikon dainawa, wannan sa kai ne, a bar shi a haka, a dai mayar masa da kuɗin mota da na kati, a ba shi safar hannu da horo. Abin da ya zama aikin yau da kullum mai jadawali da shugaba da hukuncin makara, wanda hukuma ba za ta iya buɗe ƙofa ba in babu shi, wannan aiki ne, a biya shi.

Sudan ta nuna wa duniya iyakar abin da masu sa kai za su iya, da kuma iyakar abin da ya dace a ɗora musu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hukumomi suka watse, manyan ƙungiyoyin agaji suka kwashe ma'aikatansu daga Khartoum, matasan unguwanni ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa bisa al'adarsu ta nafir, wadda ita ce gayyarsu. Sun buɗe wuraren dafa abinci na jama'a, sun gyara rijiyoyi, sun fitar da marasa lafiya daga wuraren da ake ɓarin wuta, ɓangarorin biyu na yaƙin kuma sun kama wasunsu, an kashe wasu. Duniya ta yaba, har aka ba su lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood a 2025. Amma a farkon shekarar 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, ɗaruruwan wuraren dafa abincin nan sun rufe. Tun a taron jin ƙai na Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko, kuma wa'adin ya wuce ba a ko kusanci adadin ba. Waɗanda suka fi kusa da haɗari su ne suka fi nisa da asusu.

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da ya dace da wannan rana sananne ne, ba ya buƙatar wani dogon nazari. A Disamban 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2026 a matsayin shekarar masu aikin sa kai domin ci gaba mai ɗorewa, Najeriya tana da hukumar kula da aikin sa kai a ƙarƙashin ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Nijar ma tana da tata, jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara kuma suna da hukumomin zakka da waƙafi. Abin da za a tambayi waɗannan hukumomi duk ranar 5 ga Disamba shi ne: ɗan agajin da mota ta buge yana tare hanya ranar Idi, wa ya biya kuɗin asibitinsa? Masu haƙa kabari a maƙabartun birni, nawa ne cikinsu ke da rajistar inshorar lafiya, kuma me zai hana a kafa waƙafi na musamman dominsu? Ma'aikatan lafiya nawa ne suka haura shekara biyu suna aiki kyauta a asibitocin ƙananan hukumomi, kuma nawa aka ɗauka a bana? Hukumar ƙididdiga za ta iya saka tambayoyin aikin sa kai a binciken ƙwadagon da take yi, tunda jagorar aunawa tana nan tun 2011, ta yadda gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma da ya hau mumbari a wannan rana zai zo da amsoshin a rubuce, a kuma ajiye su domin a gwada da na baɗi.